BABI NA UKU: TARIHIN FOM A YANAR GIZO DA YADDA YAKE KAI BAYANAN MUTUM GA SABA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan samuwar intanet da yadda kwamfutoci suka fara musayar saƙonni a tsakaninsu. Shi kuwa wannan babi zai duba wani ɗan ƙaramin sashe ne na yanar gizo wanda kusan kowa ya taɓa amfani da shi, amma kaɗan ne suka san asalinsa, wato fom. Abin da ake nufi da fom a nan shi ne guraben nan da ake tararwa a shafi, inda mutum kan rubuta sunansa ko adireshinsa ko kalmar sirri ko lambar katin banki, sannan ya danna maɓallin aikawa. Ɗalibi mai rajistar jarrabawa da mai neman fasfo da mai buɗe akwatin imel duk ta wannan ƙofa suke bi. Ita kuwa saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ke ajiye shafuka tana ba duk wanda ya nema, kuma ita ce ke karɓar abin da aka cike. Manhajar da mutum ke buɗe shafi da ita ana kiranta burauza.

Manufar babin ita ce bin diddigin fom daga shekarar 1989 zuwa 2023, domin a nuna cewa an gina shi ne bisa amana a tsakanin masu bincike ƙalilan, kuma yawancin gyare-gyaren da aka yi masa sun biyo bayan matsala ne. Haka kuma za a nuna yadda maɓallin aikawa, wanda a farko shi ne iyaka tsakanin abin da mutum ya riƙe da abin da ya bayar, ya yi ta rage ƙarfi a hankali.

3.1 Yanar Gizo Kafin Samuwar Fom (1989-1992)

A watan Maris na 1989 ne Tim Berners-Lee, wani masani ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Geneva a Suwizalan, ya gabatar da shawarar kafa tsarin da zai haɗa takardun masu bincike wuri guda. Kafin ƙarshen 1990 ya riga ya haɗa saba ta farko da burauza ta farko, sannan a watan Agusta na 1991 ya sanar da jama'a. Tsarin ya dogara ne a kan abubuwa uku: adireshin da kowace takarda take da shi, da harshen tsara shafi mai suna HTML, da kuma ƙa'idar neman shafi mai suna HTTP.

A wancan lokaci umarni ɗaya tak ne ƙa'idar HTTP ta sani, wato GET, ma'ana "ɗauko". Burauza takan ambaci adireshin takarda, saba kuma ta miƙo mata, daga nan hulɗa ta ƙare. Ke nan mai karatu ba shi da wata hanya ta mayar da magana ga saba, in ban da wata 'yar kafa guda. Akwai wata alama a HTML mai suna ISINDEX, wadda idan aka sa ta a shafi sai burauza ta buɗe gurbi ɗaya na bincike. Abin da mutum ya rubuta sai a liƙa shi a ƙarshen adireshi bayan alamar tambaya, a raba kalmomin da alamar tarawa. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fara jawo ma'aikatan CERN ga yanar gizo shi ne neman lambar tarho ta abokin aiki ta irin wannan bincike. Wannan gurbi guda shi ne kakan fom, kuma tsarin liƙa bayani bayan alamar tambaya yana nan har yau.

3.2 Samuwar Fom (1993-1995)

Shekarar 1993 ita ce ta sauya al'amura. A ranar 30 ga Afrilu cibiyar CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga kowa. A shekarar ce kuma Marc Andreessen da Eric Bina, na cibiyar NCSA da ke Jami'ar Illinois a Amurka, suka fitar da burauza mai suna Mosaic, wadda ta yi farin jini saboda tana nuna hoto tare da rubutu a shafi ɗaya. A Ingila kuwa Dave Raggett ya rubuta wani daftari mai suna HTML+, wanda ya ƙunshi shawarar yadda za a tsara fom mai gurabe da yawa. Fitowa ta biyu ta Mosaic, a watan Nuwamba na 1993, ta zo da ikon nuna irin wannan fom, kuma daga nan masu shafuka suka fara amfani da shi tun kafin a daidaita ƙa'idarsa a rubuce.

Daidaitawar ta zo ne a watan Nuwamba na 1995, lokacin da aka wallafa ƙa'idar HTML ta 2.0, wadda Berners-Lee da Dan Connolly suka tsara. A cikinta aka tabbatar da ire-iren guraben da har yanzu ake gani: gurbin rubutu na layi ɗaya, da na layuka da yawa, da akwatin zaɓi, da jerin da ake zaɓar abu ɗaya daga ciki, da gurbin kalmar sirri, da maɓallin aikawa, da na gogewa. Kowane fom yana ɗauke da bayanai guda biyu masu muhimmanci, wato adireshin inda za a kai abin da aka cike da kuma hanyar da za a bi a kai shi. A wannan wata ne kuma Ernesto Nebel da Larry Masinter na kamfanin Xerox suka fitar da tsarin da ya ba da damar haɗa fayil a cikin fom, wanda shi ne asalin ɗora hoto ko takardar shaida da ake yi a yau.

Akwai abubuwa biyu a ƙa'idar 1995 da ya kamata a lura da su. Na farko, gurbin kalmar sirri yana rufe haruffa ne a fuskar kwamfuta kawai, domin kada na kusa ya leƙa, amma a kan hanya kalmar takan tafi a fili. Na biyu, an tanadi wani gurbi da ake kira ɓoyayye, wanda mai shafi ke cikewa da kansa, mai amfani kuwa ba ya ganinsa. Saboda haka tun daga farko fom yana iya kai abin da ya wuce wanda mutum ya rubuta da hannunsa.

3.3 Yadda Bayani Yake Tafiya

Kowane gurbi a fom yana da suna. Idan aka danna maɓallin aikawa, sai burauza ta haɗa sunan kowane gurbi da abin da aka rubuta a cikinsa ta sa alamar daidai a tsakani, sannan ta jera su a layi ɗaya. Misali, idan an rubuta Audu Bala a gurbin suna, aka rubuta Kano a gurbin gari, abin da zai fita shi ne:

suna=Audu+Bala&gari=Kano

Hanyoyin kai wannan layi guda biyu ne. Ta farko ita ce GET, inda ake liƙa shi a ƙarshen adireshi kamar yadda aka saba tun zamanin ISINDEX. Wannan hanya ta dace da bincike, domin ana iya ajiye adireshin ko a tura wa wani ya ga sakamako iri ɗaya. Illarta ita ce bayanin yakan zauna a tarihin burauza da kuma rajistar da saba ke ajiyewa. Ta biyu ita ce POST, ma'ana "aika", inda ake sa bayanin a cikin jikin saƙo, adireshi kuma ya kasance ba komai a jikinsa. An tabbatar da ita a rubuce a ƙa'idar HTTP ta 1.0, wadda aka wallafa a watan Mayu na 1996, kuma ita ake amfani da ita wajen rajista da saye da duk wani aiki da zai sauya abin da ke ajiye a saba. Sai dai POST ba ta rufa asirin saƙo, wuri kawai ta sauya masa. Ban da wannan kuma, kowane saƙo yana tafiya da lambar adireshin kwamfutar da ya fito, da irin burauzar da aka yi amfani da ita, sau da yawa har da adireshin shafin da mutum ya baro.

Wannan tsari ya shafi rubutun Hausa kai tsaye. Rukunin haruffan da HTML ta fara dogara da shi an tsara shi ne domin harsunan Yammacin Turai, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. Sai da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, ya yaɗu a yanar gizo sannan haruffa masu lanƙwasa suka sami tabbatacciyar hanya. A wannan tsari harafin ƙ yakan tafi a matsayin %C6%99, shi kuma ɗ a matsayin %C9%97. Idan saba ta karanta su da wani rukuni dabam, sai sunan mutum ya fito a gurɓace, abin da ya sa mutane da yawa suka saba rubuta sunayensu ba lanƙwasa idan suna cike fom.

3.4 Abin da Ke Faruwa a Saba

Aikin saba a farko shi ne miƙa takardu, ba ta san abin da za ta yi da bayanin fom ba. Domin warware wannan matsala, a ƙarshen 1993 Rob McCool, wanda ya rubuta sabar NCSA, tare da sauran masu haɗa saba suka amince da wata ƙa'ida mai suna CGI. A bisa wannan ƙa'ida, idan bayanin fom ya iso, saba takan tayar da wata ƙaramar manhaja ta miƙa mata shi. Manhajar ce za ta warware layin, ta ajiye bayanin ko ta aika shi ta imel ko ta yi bincike da shi, sannan ta tsara shafin amsa ta ba saba ta mayar wa burauza. Yawancin irin waɗannan manhajoji an rubuta su ne da harshen Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987.

Tun da yake kowane saƙo sai ya tayar da sabuwar manhaja, tsarin yakan yi nauyi idan masu ziyara sun yi yawa, don haka aka nemi wasu hanyoyi. A watan Yuni na 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne fassara bayanin fom, har ma wani sashensa sunan da aka ba shi ke nan, wato mai fassara fom. Daga wannan lokaci ne aka fara haɗa fom kai tsaye da rumbun bayanai. Wannan mataki yana da muhimmanci a tarihi, domin abin da mutum ya cike ya tashi daga saƙon da ake karantawa a manta, ya koma ajiyar da ake iya tarawa da bincikawa da kwafewa shekaru bayan an aiko ta.

3.5 Kasuwanci, Sirri da Tunawa (1994-1999)

'Yan kasuwa ba su yi jinkirin gane amfanin fom ba. A 1994 kamfanin Pizza Hut ya gwada karɓar odar abinci ta fom a garin Santa Cruz na jihar Kalifoniya. A watan Yuli na 1995 Amazon ya fara sayar da littattafai, a watan Satumba kuma aka buɗe shafin gwanjon da daga baya ya zama eBay. Shigowar kuɗi ta bayyana rauni biyu a tsarin.

Rauni na farko shi ne rashin sirri. Saƙo yakan ratsa kwamfutoci da dama kafin ya isa saba, kuma duk mai iko da ɗaya daga cikinsu yana iya karanta lambar kati. Kamfanin Netscape, wanda Jim Clark da Andreessen suka kafa a 1994, ya samar da tsarin SSL, wanda ke juya saƙo ya koma lambobin da ba mai karanta su sai saba. An fitar da shi a 1995, aka sake masa gini a 1996, kuma Taher Elgamal, haifaffen Masar, yana cikin jagororin aikin. Sai dai dokar Amurka ta lokacin ta hana fitar da tsari mai ƙarfi zuwa ƙasashen waje, don haka sauran duniya mai rauni take samu. A watan Agusta na 1995 Damien Doligez a Faransa ya warware wani saƙo da aka rufe da shi cikin kwana 8. A 1999 aka maye gurbin SSL da TLS, wanda sababbin fitowarsa ne ake amfani da su a yau.

Rauni na biyu shi ne mantuwa. Ƙa'idar HTTP ba ta tuna wanda ya zo ɗazu, kowane saƙo baƙo ne a wurin saba. Wannan ya sa da wuya a haɗa kwandon sayayya ko fom mai shafuka da yawa, sai dai a yi ta cusa bayani a ɓoyayyun gurabe. A 1994 Lou Montulli na Netscape ya ƙirƙiri kukis, wato ɗan gajeren rubutu da saba ke ajiyewa a burauza, ita kuma ta riƙa mayar da shi duk lokacin da ta dawo. Da wannan ne mutum kan cike fom ɗin shiga sau ɗaya a ci gaba da gane shi. Amma kuma da shi ne kamfanonin talla suka sami damar bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi. Yawancin jama'a ba su san da kukis ba sai da jaridar Financial Times ta yi rahoto a kansu a watan Fabrairu na 1996.

3.6 Fom a Matsayin Ƙofar Ɓarna

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu rubuta manhajojin farko sun ɗauka cewa abin da aka tambaya shi za a rubuta a gurbi. A 1996 aka gano cewa wata manhajar neman lambar tarho mai suna phf, wadda ke zuwa tare da sabar NCSA a matsayin misali, tana barin mutum ya cusa umarni a cikin abin da ya aiko, saba kuma ta aiwatar. A watan Disamba na 1998 Jeff Forristal ya bayyana a mujallar Phrack yadda ake rubuta umarnin rumbun bayanai a cikin gurbin fom, har rumbun ya fitar da abin da ke cikinsa. Maganin wannan sananne ne, wato a raba umarni da bayanin da aka aiko, amma sakaci bai ƙare ba. A watan Oktoba na 2015 an bi ta wannan hanya aka kwashe bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, hukuma kuma ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016.

Wata matsalar kuma ita ce saba ba ta iya bambance mutum da manhajar da ke cike fom dubbai domin yaɗa tallace-tallace. Wannan ne ya haifar da gwajin karkatattun haruffa, wanda masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon, ciki har da Luis von Ahn da Manuel Blum, suka sa wa suna CAPTCHA a farkon shekarun 2000.

3.7 Raunin Maɓallin Aikawa (1995-2022)

A tsarin 1993 babu abin da ke barin kwamfutar mutum daga cikin abin da ya rubuta sai ya danna maɓalli. Yana iya rubutawa ya goge, ko ya fasa ya rufe shafin, ba wanda ya sani. Wannan ya fara sauyawa a 1995, lokacin da Brendan Eich ya ƙirƙiri harshen JavaScript a Netscape. Ɗaya daga cikin amfaninsa na farko shi ne duba fom kafin a aika, domin a faɗa wa mutum cewa ya bar gurbi ko ya yi kuskure. Wannan sauƙi ne babba a zamanin da layin tarho ke ɗaukar lokaci, amma ma'anarsa ita ce shafi ya sami ikon karanta gurbi tun ana cikin rubutu. A 1999 kamfanin Microsoft ya ƙara wata dabara da ke ba shafi damar magana da saba a bayan fage ba tare da an sake buɗe shi ba. Google ya yi amfani da ita a 2004 wajen ba da shawarar kalmomi yayin da mutum ke rubutu a gurbin bincike, wanda ke nufin haruffan suna tafiya tun ba a gama ba. A 2005 Jesse James Garrett ya sa wa wannan salon aiki suna Ajax.

Sakamakon haka ya bayyana ta fuska biyu. A 2018 ɓarayi sun cusa 'yan layuka na JavaScript a shafin kamfanin jiragen sama na British Airways, waɗanda ke kwafe abin da aka cike a fom ɗin biya su tura wata saba dabam. Abin ya shafi fiye da mutum 400,000, kuma an ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020. A nan rufa saƙo a kan hanya bai yi amfani ba, domin an ɗauki bayanin ne tun daga gurbi. Ta ɗaya fuskar kuma, a 2022 masu bincike daga jami'o'in Leuven a Beljiyam da Radboud a Holan da Lausanne a Suwizalan sun gwada manyan shafuka 100,000, suka tarar cewa a shafuka 1,844 idan aka shiga daga Turai, da 2,950 idan aka shiga daga Amurka, adireshin imel yana isa ga kamfanonin talla da bin sawu kafin a danna maɓallin aikawa.

3.8 Shigowar Doka

Da yake fasaha ita kaɗai ba ta iya mayar da ikon ga mai cike fom ba, sai hukumomi suka shigo. A ranar 25 ga Mayu, 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki. Ta wajabta a faɗa wa mutum dalilin karɓar bayaninsa, kada a karɓi fiye da abin da ake bukata, kuma akwatin amincewa da aka riga aka cike masa ba ya zama yarda. Tarar tana iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. A Nijeriya hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan cikakkiyar doka, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda fom ya faro daga gurbi guda na bincike a CERN, ya sami cikakkiyar siffa tsakanin 1993 da 1995, sannan CGI da rumbun bayanai suka ba saba ikon sarrafa abin da aka aiko da ajiye shi. An kuma ga cewa rufa saƙo da tace abin da aka cike da gwajin bambance mutum da manhaja da dokokin kare bayanai duk sun zo ne bayan an ga bukatarsu a aikace. Fasalin fom a ido bai sauya sosai ba cikin shekara 30, amma abin da ke gudana a bayansa ya sauya, ta yadda danna maɓalli bai zama tabbacin lokacin da bayani ya bar hannun mai shi ba. Saboda haka amincin fom ya dogara ne a kan mai shafin, da manhajojin da ya bari a cikinsa, da kuma dokar da ke kansa. Babi na gaba zai duba kalmomin da Hausa ta ara ko ta ƙirƙira domin fassara gurabe da umarnin da ke cikin fom.